Yadda ake shirya ranar tunawa da malamin da ya koyar da kiɗa ta hanyar taku da tafi

Malamin da ya ƙare ƙarfinsa yana koya wa yara kiɗa da ƙafa da tafin hannu, in za a tuna da shi, rumfa da kujerun roba da jawabin sa'o'i uku ba su dace da shi ba. Darasinsa ake maimaitawa a gaban jama'a: a share fili, a kawo makaɗi, a sa yara su taka abin da kunnensu ya ji. Wannan bayani na malaman firamare da ƙaramar sakandare ne, da tsofaffin ɗalibai, a garuruwa irin su Argungu, Birnin Kebbi, Yawuri, Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Wanda za a tuna ɗin yana iya zama tsohon malamin makarantarku, yana kuma iya zama mutumin da duniya ta fi sanin wannan hanya da sunansa, wato Emil Jak-Dalkuroz.

Mutumin da ya tsara hanyar

An haifi Dalkuroz a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 6 ga Yuli 1865, amma iyayensa mutanen Suwizalan ne, kuma can ya yi yawancin aikinsa. A 1886 ya je Aljeriya aiki da wata ƙungiyar makaɗa ta gidan wasa, ya ji kaɗe-kaɗen Larabawa masu bugu iri-iri a lokaci guda, abin ya zauna masa a rai. A 1892 ya zama malami a makarantar kiɗa ta birnin Janeba a Suwizalan. A nan ya lura ɗalibansa suna iya rubuta kiɗa a takarda daidai, amma ba sa jin sa a kunne, kuma in sun zauna kaɗa fiyano sai bugun ya kuɓuce musu, alhali in suna tafiya a titi takunsu ba ya karkacewa. Sai ya sa aka ture kujeru, aka tuɓe takalma, yana kaɗawa suna takawa. A 1910 aka buɗe masa makaranta a Helarau kusa da Diresden a Jamus, yaƙin duniya na farko ya raba shi da ita a 1914, ya koma Janeba ya kafa cibiyarsa a 1915, wadda har yau tana aiki. Ya rasu ranar 1 ga Yuli 1950.

Hanyar tasa ƙafa uku gare ta kamar murhu: taka kiɗa da jiki, horar da kunne ta hanyar rera sauti, da ƙirƙirar kiɗa nan take. Ta farkon ce za ta fi cika ranar taronku. Kuma ba baƙon abu ne za ku kawo wa yaranmu ba. Yarinyar da ta tashi tana gaɗa a dandali, ko ta tsaya kusa da turmi tana jin mata uku suna lugude, kowace taɓarya na faɗawa a gurbinta, ta riga ta san rabin karatun. Abin da ya rage shi ne a tsara shi mataki-mataki, a sa ta ji da gangan abin da take yi ba da sani ba.

Izini, rana da fili

A fara da hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai. Sunan da kuka kira abin da shi yana da nauyi. In kuka ce "rawa", uba zai tuno dandalin biki ya hana 'yarsa zuwa, alhali abin da za a yi tafiya ne, da tsayawa, da tafi, da miƙa abu hannu zuwa hannu. Ku ce darasin kiɗa da motsa jiki, ku gayyaci iyaye biyu ko uku su kalli gwajin farko da idonsu. A raba aji biyu, 'yan mata da malamarsu, maza da malaminsu, kowa ya shiga fili a nasa lokacin. In malamin garinku ne ake tunawa, iyalinsa za a fara sanar wa kafin kowa.

In Dalkuroz ne, makon farko na Yuli ya haɗa ranar haihuwarsa da ta rasuwarsa, sai dai damina ce, don haka a tanadi ɗaki mai rufi. Watannin Maris zuwa Mayu kuwa zafin Kebbi da Zamfara yakan haura digiri 40, yashi ya ƙona tafin ƙafa tun ƙarfe goma. Kowane wata kuka zaɓa, a fara 8:30 na safe a tashi 10:30, baƙi na nesa su koma gida da rana tsaka.

Yara 24 suna buƙatar fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, wato kowa ya sami fiye da murabba'in mita 3. Ajin firamare da aka kwashe bencinansa ba zai ɗauki fiye da 14 zuwa 16 ba sai an yi ta karo. Ba takalmi ake yin darasin, saboda silifas na ja da baya, yana kuma ƙara nasa "fat-fat" bayan taku, yaro ya rasa wane sauti ne nasa. Saboda haka sharar fili babban aiki ne: a share sau biyu, sannan mutum biyu su bi a tsugune suna tsince ƙarangiya da tsidau da fasasshen kwalba. A yayyafa ruwa rabin sa'a kafin a fara, ƙura ta kwanta ba tare da an yi caɓi ba. Daɓen siminti mai santsi ya fi yashi ba da sautin taku, amma a guji yawan tsalle a kansa. A ja da'ira da toka ko alli, a zaunar da baƙi a bayanta, nesa da layin da taku uku.

Kayan aiki kaɗan ne: kalangu ɗaya, ganga ɗaya ta ko-ta-kwana, ƙwarya biyu da sandunansu don ajin 'yan mata, 'ya'yan goruba 12, agogo mai nuna daƙiƙa, da buhu 3 na fiyawata.

Makaɗi shi ne rabin darasin

Dalkuroz fiyano yake kaɗawa, yana kallon ƙafafun ɗalibai yana ƙirƙirar kiɗan da zai dace da su. A nan kalangu ne ya fi kusa da wannan aiki, don in an matse tsirkiyarsa a hammata murya ta hau, in an saki ta sauka, ga sama ga ƙasa a hannun mutum ɗaya. Kotso da taushi kayan fada ne, suna da masu su da wurin kaɗa su, kada a ɗauko su don darasin yara. Kiɗan waya ko na lasifika kuwa ba ya ganin yaro, ba zai jira shi ba, ba zai kuma yi masa shammata ba, kuma shammatar ita ce gishirin darasin.

Matsalar gwanin makaɗi ita ce gwanintarsa. Ya saba cika kowane gurbi da ado, ya saba ƙara wuta in jama'a sun motsa, kuma da ya hango babban baƙo hannunsa zai kama taken gidansu. Ku zauna da shi tun makonni biyu kafin rana, ku yanke ladansa gaba ɗaya don kada ya dogara da liƙi, ku yi masa bayani cikin girmamawa: "Baba, yau yaran nan ne iyayen gidanka. Ka dubi ƙafar wancan mai jar riga, da ita za ka fara. In sun ɗauki gudu kada ka bi su, ka riƙe wurin." Ku ware masa minti goma a ƙarshe ya yi kiɗansa yadda ya ga dama, zai fi haƙuri da bugun ɗai-ɗai na farkon.

Fatar ganga tana bin yanayi. Da damina takan sha danshi ta saki, sautin ya dushe kamar ana dukan katifa, na bayan fili ba za su ji farkon bugu ba. A shanya ta a rana minti 15 zuwa 20, in babu rana a ajiye ta nesa da garwashi kamar kamu biyu ana jujjuyawa, ana ɗan ƙwanƙwasawa har murya ta dawo. Da hunturu akasin haka ne, fatar ta bushe ta ɗaure, bugu mai ƙarfi na iya fasa ta. Dalilin ganga ta biyu ke nan.

Kada a sa wa makaɗi lasifika. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, to in lasifikar tana can ƙarshen fili mita 34, yaro zai ji bugu ɗaya sau biyu, na biyun ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ga kuma amsa-kuwwar bangon aji. Makaɗi ya tsaya a bakin da'ira inda yake ganin kowa, hakan ya isa.

Darasin kansa, minti 40

Ku ɗauki yara 'yan shekara 8 zuwa 11. Gwaji uku ko huɗu na rabin sa'a sun isa. In kuka wuce haka za su haddace jerin, ranar taro su riƙa motsi kafin su ji kiɗan, kuma duk mai ido zai gane.

Ana farawa da neman takun yara. A ce su zaga fili yadda suka saba tafiya, ba kiɗa. Malami ya zaɓi yaro ɗaya mai matsakaicin tsawo, ya ƙirga takunsa na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Yawanci za ka sami 28 zuwa 31, wato taku 112 zuwa 124 a minti. Da wannan makaɗi zai shigo, bugu ɗaya taku ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne babba ya fara da nasa takun. Ƙafar yaro gajera ce, takunsa ya fi na babba yawa a minti, in ka ja masa kiɗa sai ya riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya a sama yana tangaɗi, ka ɗauka ba shi da kunne. Kada su jeru a layi ɗaya, kowa ya bi inda ya ga sarari. A layi na baya ƙafar na gaba yake kallo, ido ke aiki kunne na barci. Wannan mataki minti shida ne.

Daga nan sai tsayawa. Kiɗa ya yanke, kowa ya daskare inda yake, kiɗa ya dawo, a ci gaba. Da farko makaɗi ya riƙa yankewa bayan bugu takwas, sannan ya fara shammata: bayan shida, bayan goma sha biyu, bayan uku. Sai a ƙara alama. Dalkuroz "hop" yake cewa; mu "To!" ta wadatar, gaɓa ɗaya ce mai kaifi. In an ji ta, mai tafiya gaba ya koma da baya, in an sake ya dawo. A faɗe ta a kan bugu na huɗu don canjin ya faɗa a kan na ɗaya. Malamin da ke faɗar ta a kan na ɗaya shi ke makarar da yaran, sannan ya ga laifinsu. Kuma ba a fitar da wanda ya kuskure. Wanda ya fi kuskure shi ya fi buƙatar zama cikin fili.

Na uku, ninki da rabi. Tafiya bugu ɗaya ce. Sassarfa biyu ce cikin bugu ɗaya, a kan yatsun ƙafa, da gajerun taku. Takun raƙumi ɗaya ne cikin bugu biyu. Sassarfa ba ta da wuya, sai dai takan koma tsere, maganinta a ce taku ya gajarta. Takun raƙumi ne ke tona asiri: yaro zai jefa ƙafa nan da nan ya tsaya yana jiran bugu na biyu ya wuce. Abin da ake so ƙafar baya ta taso a hankali tana jan ƙasa, jiki na tafiya har lokacin ya cika, kamar yadda raƙumi ke ɗaga ƙafa ba ya gaggawar sauke ta. Dogon sauti abu ne mai ci gaba, kuma a nan yaro ke fara jin haka a cinyarsa. Ku daɗe a wannan, ko da zai ci lokacin wani.

Na huɗu, kalmomi. Hausa ta yi mana gata a nan, don gaɓoɓinta iri biyu ne, mai nauyi da mara nauyi, kuma mai nauyi ta kai tsawon mara nauyi biyu, kamar yadda marubuta waƙa suka sani. "Gero" dogo ne da dogo. "Masara" gajere, gajere, dogo. "Fura" gajere da dogo. Haɗa "gero, masara" ka sami bugu huɗu cif: ge, ro, masa, ra. Yara su faɗa, su tafa, sannan su taka: taku, taku, sassarfa biyu, taku. Daga nan makaɗi ya kaɗa kalma a kalangu ba tare da an furta ba, su faɗi wace ce. Kalangu na bin hawa da saukar murya, don haka da wuya su ɓata. Malami ya kiyaye kada ya ja wasali don ya dace da kiɗa. In kalma ba ta zauna ba a sauya ta.

Na biyar, amshi. Makaɗi ya kaɗa jimla ta bugu huɗu, ya yi shiru bugu huɗu, yara su taka abin da ya kaɗa. Duk wanda ya taɓa jin makaɗin fada da 'yan amshinsa ya san tsarin. In wannan ya zauna, manyan yara za su iya mai wuyar: makaɗi ba ya shiru, yana kaɗa sabuwar jimla yayin da suke taka ta baya, ƙafa na aikin jiya kunne na ɗaukar na gobe. Dabarar ita ce ya riƙa sa jimla mai sauƙi, bugu huɗu ɗai-ɗai, tsakanin kowaɗanne masu wuya biyu. In ya jera masu wuya, a jimla ta uku fili zai watse.

Na shida, goruba. A zauna a da'ira, gwiwa kusa da gwiwa, goruba ɗaya ga kowane yara biyu. Ƙwallo ba ya tashi a yashi, goruba kuwa ta cika tafin yaro, ba ta gangarawa nesa in ta faɗi. A miƙa wa na dama a kan bugu na ɗaya kawai, sauran ukun hannu na tafiya a iska. Abin da ke faruwa kullum shi ne gorubobi su taru gaban yaro ɗaya. Kada a yi masa faɗa, a dubi na hagunsa, yawanci shi ke miƙawa kafin lokaci. Daga bugu huɗu a koma uku, su ji yadda hannu ke rage zagaye.

Na bakwai, uku a kan biyu, na 'yan shekara 10 zuwa sama. Ƙafa na taka biyu, hannu na tafa uku, cikin lokaci ɗaya. Bayaninsa da lissafi: raba lokacin gida shida, ƙafa a 1 da 4, hannu a 1 da 3 da 5. Amma kada ku ba yara lissafi. Ku ba su "ga masara". A kan "ga" hannu da ƙafa tare, "ma" hannu, "sa" ƙafa, "ra" hannu. A fara a zaune, hannun dama a cinyar dama a madadin tafi, na hagu a madadin ƙafa, a hankali ƙwarai, sannan a miƙe. In za ku iya samun mata biyu ko uku su zo da turmi su yi lugude na minti biyu kafin wannan mataki, ku yi. Yaran za su ga yadda kowace ke riƙe nata bugun tana jin na 'yar'uwarta.

Na ƙarshe shi ne riƙon shiru. Makaɗi ya kaɗa takwas, ya ɗauke hannu takwas, yara na ci gaba da taku, ya dawo a kan na ɗaya a ga ko sun haɗu. Kusan kullum za su riga shi, domin in sauti ya ɗauke mutum yakan ƙara sauri. Kada malami ya ƙirga da baki ko ya kaɗa kai, in ya yi shi suke bi. A gwada sau uku, na ukun a ja shirun zuwa goma sha shida. Ku roƙi baƙi tun farko kada su yi tafi a nan, a bar sautin tafin ƙafa 48 a kan ƙasa shi kaɗai.

Inda za a sa maganar tunawa

A buɗe da addu'a. In malamin garinku ne ya rasu, liman ya yi masa addu'a tare da iyalinsa a gaba. Tarihinsa minti biyar, mutum ɗaya, a rubuce: inda aka haife shi, makarantun da ya koyar, shekarun da ya yi. Sai darasin 'yan mata, a huta minti goma a sha ruwa, sai na maza. In lokaci ya matse a rage kowanne zuwa rabin sa'a ta hanyar raba matakan tsakaninsu. Manyan baƙi a gaishe su da suna sau ɗaya, mutum ɗaya ya yi magana a madadinsu. In kuka buɗe ƙofar jawabai, rana za ta take yara suna tsugune.

Abin da ya fi kowane jawabi amfani shi ne tsofaffin ɗalibansa. Wata guda kafin taro a nemi biyar ko shida, a gana da kowa shi kaɗai, a ce ya nuna wasa ɗaya da malam ke sa su. A ce ya nuna, kada a ce ya ba da labari, domin dattijon da ya manta sunan wasa ƙafarsa ba ta manta ba. A ɗauka da waya daga nesa yadda ƙafa da hannu za su fito, bayan an nemi yardarsa. A rubuta kalmomin waƙar, yawan bugu, inda ake tafi da inda ake juyawa. In biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan shekarar da kowa ya yi ajin, don malami yakan sauya wasa da tafiyar shekaru. Ranar taro ɗaya daga cikinsu ya jagoranci wasa ɗaya da kansa, a rage masa saurin kiɗa zuwa wajen 90 a minti.

Hoton yara da bidiyonsu kada su hau Facebook ko WhatsApp sai da yardar iyaye, kuma a faɗi wannan a bainar jama'a kafin a fara.

Bayan an tashi, a kwafe wasannin da aka tattara a littafi mai kauri, kwafi biyu, ɗaya a ofishin hedimasta ɗaya a hannun iyalin malamin. A sassauta gangar makaranta in mai igiya ce, a sa ta a buhu a rataye a bango nesa da ƙasa, saboda gara da ɓera da danshi. Kafin malamai su watse a duba jadawalin mako, a sami rabin sa'a a lokacin motsa jiki, a rubuta sunan malamin da zai riƙe ajin da ranar da makaɗi zai dawo.